Taken Goggo a Cikin Jita

Duk faɗin unguwar Bronx ta Amurka babu wanda ya kai ni ƙarfin zuciya. A gidan 'yan bori na tashi, tun ina rarrafe nake tsallake matan da iska ta kayar. Aljani ma sai ya yi mini sallama yake wucewa.

A shekarun da nake aikin kula da tsofaffi, aka tura ni wani bene a titin Grand Concourse, wajen wani dattijo ɗan Barazil, tsohon makaɗin jita. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana da hannun dama. 'Yarsa ta ce in riƙa kunna masa faifansa in zan yi masa aski, yana sanyaya masa rai.

Da rana tsaka ne, daga ni sai shi, na kunna faifan na fara aski. Kiɗan jaz ne mai laushi, jitar tana tafiya kamar mai sanɗa. Can ƙarƙashi sai na ji babbar tsirkiya tana wani bugu daban. Na san shi. Taken da ake kaɗa wa goggota ne da garaya, wanda da ta ji sai ta faɗi. Kafin ta rasu ta ce aljanin da ke hawanta zai nemi sabon doki a cikin dangi, ko ina mutum ya gudu. Ni kuwa na ɗauka teku ta raba mu.

Kafaɗata ta hagu ta fara motsi ba da izinina ba. Na danne ta, ta ƙi. Sai na ga yatsun hannun nan da ya mutu suna bugun kujera, daidai da ita. Dattijon ya buɗe ido. Bai dube ni ba, bayana ya duba, sama da kaina kaɗan, ya sunkuyar da kai kamar mai gaida babba.

Ban waiwaya ba. Na bar shi da kumfa a rabin fuska, kuma har yau ban tuna na taka matakala ba. Jirgin ƙasa ma ban jira shi ba, don na fi shi sauri.

Na iske mai ɗakina tana yanka albasa. Na ce, "Hajiya, na Goggo ya iso Amurka, ni yake nema."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, koma ka ƙarasa wa bawan Allah askinsa kafin su kore ka. Wane aljani ne zai haye teku ya rasa doki sai mai ciwon gwiwa?"