Lallen Hannu Ɗaya

Da ciwon dajin yayata ya dawo, bayan an yanke mata nonon dama mun ɗauka an rabu ke nan, gidanmu na Mafoni ya yi tsit. Shekarun dokar hana fita ne, ga tsoro a waje, ga tsoro a ɗaka. Yaya ta daina cin abinci, har cewa take a daina awo da ita.

Sai likitarta ta ce ana gwajin wani sabon magani mai zaburar da garkuwar jikin mutum ta yaƙi ciwon da kanta. Ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta dai ce a kawo Yaya ranar Talata a duba ta, in ta cancanta a sa ta ciki. In ranar ta wuce sai wani zagayen, kuma ba mu da tabbacin za ta kai.

To mu a Maiduguri, mace ba ta zuwa babban wuri da farin hannu. Ni uwar iyayi na kira mai lalle ranar Litinin da la'asar. Ta fara da hannun dama kamar yadda aka saba, ta zuba baƙin zane tun daga farce har sama da gwiwar hannu. Tana gamawa ta ga lokacin doka ya matso, ta tattara kayanta ta bi keke. Na yi ta masifa har makogwarona ya bushe, Yaya kuwa ta kwana da lalle a hannu ɗaya.

Washegari likita na ganin hannun ta ɓata rai, ta ɗauka duka biyun haka suke. Ta ce dole su ga fata sarai, don maganin kan kawo ƙuraje, kuma su ga jijiyar da za su sa allura. Wannan zanen kuwa sai ya yi makonni bai goge ba.

Yaya ta zaro hagun da ta ɓoye cikin laffaya saboda kunya.

"Likita, wannan fa? Doka ce ta hana a yi masa kwalliya."

Likita ta juya hannun, ta sake juyawa, sai ta fashe da dariya. Ashe dama ba a soka allura a ɓangaren da aka yi wa aiki, hagun suke nema. Ni da na kwana ina tsine wa mai lalle, a nan na shiga sa mata albarka, Yaya tana min dariya har da tari.

Sakamako ya fito, aka ɗauke ta. Ranar ƙarin ruwan farko ina zaune gefenta cike da murna. Ta daɗe tana kallon ruwan yana ɗiga, sannan ta taɓa ni.

"Ƙanwata, kira gida. Ki ce a dafa da ni."