Baba Filogi da Injin Wutsiya

Kafin jirgin farko ya sauka, Baba Filogi ya riga ya warware wayarsa. Wayar lantarki ce baƙa, mai kaurin damtsen ƙato, ga nauyin tsiya. Yakan goge bakinta da tsumma, ya gyara abin toshe kunnensa, ya tsaya a gefen layin da aka shata. Da jirgi ya tsaya, sai ya saɓa ta a kafaɗa ya jona filoginta a ƙarƙashin hancin jirgin, ya jawo bututun iska mai sanyi ya ɗaura. A kan wannan aiki furfura ta same shi. Sunansa na yanka kuwa matarsa kaɗai ke tunawa, ita ma ba faɗa take yi ba.

Ni shara nake yi a jiragen kamfaninmu, masu arhar tikitin nan da ko ruwa sai ka saya. Ga wanda bai sani ba, a wutsiyar jirgi akwai wani ɗan inji da ke ba shi wuta da sanyi idan yana ƙasa. Mai yake sha, hayaƙi yake fesowa. In Baba ya jona kayansa, injin nan ba shi da sauran amfani. To amma jiragenmu ba sa zama, ana sauke wasu fasinjoji ana kwasar wasu, sai matuƙa su ce ɗan wannan lokacin ina amfanin kashewa?

Mu kuma ta ƙofar baya muke hawa, dab da wutsiyar, ga ni da asma. Likita ya ce mini, "Baiwar Allah, ko aikin nan ko ƙirjinki, zaɓi ɗaya." Ni da ke riƙe da gida, in zaɓi me? Na ji tsoro ƙwarai.

A shekarar ce kamfani ya yi alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Manya suka dasa itace, aka ɗauki hoto, aka zana koren ganye a kowane jirgi. Kun san inda aka zana shi? A wutsiya, wallahi, saman inda hayaƙin ke fita!

Wata rana Baba ya tarar da ni zaune a ƙasan matakala ina kokawa da numfashi. Ya ce, "'Yata, tun yaushe?" Na gaya masa abin da likita ya ce. Ya daɗe yana kallon wutsiyar.

Washegari, da ya gama jona wayarsa, sai ya koma inda matuƙi zai gan shi. Ya cire hula, ya toshe hanci, ya shiga fifita yana tangaɗi kamar zai faɗi. Fasinjoji suka leƙo ta taga suna dariya. Matuƙin ya buɗe tagarsa ya ce, "Baba, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, na kawo maka wuta har gida, kai kuma kana ƙona mai. Ga 'yata can baya tana neman numfashi."

Matuƙin ya kwashe da dariya, ya kashe. Haka Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da rana da ruwan sama. Masu lodin kaya sun ce ko da ƙafarsa ta kumbura yana ɗingishi bai fasa ba, tangaɗin ma sai ya fi kyau.

Saura wani da muke kira Kyaftin Sauri, wanda ko kallonsa ba ya yi. Ran nan ya sauko yana zaga jirginsa, Baba ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, zo ka gaisa da mutanen baya." Ya tsayar da shi a inda muke hawa. Kafin mu gama gaisawa idanun Kyaftin sun kaɗa, yana tari. Ya ce, "Subhanallahi, haka kuke sha kullum?" Yau shi ne ke damun sababbin matuƙa su kashe, har sun gaji da shi.

Daga baya kamfani ya mayar da abin doka, yana ta alfahari da yawan hayaƙin da ya rage. Ba laifi, gaskiya ce. Sunan Baba dai ban ji an ambata ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kai ne, Baba, ka mayar da kanka abin dariya don wata ta yi numfashi. Mai waya a kafaɗa, uban mutanen baya! Alkawarin da aka yi a gaban kyamara, kai ka fara cika shi da hularka. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ƙafar nan hutu. Ku kuma masu karatu, kowa da ɗan injin da ke ci banza a wurin aikinsa, kuma akwai mai shan hayaƙinsa. Kada ku jira doka, ku je ku kashe.

Jiya aka yi walimar ritayarsa a ɗakin hutunmu. Baba, na ga kana tambaya wa ya cika ɗakin da balan-balan har ba wurin zama. Ni ce. Da na tashi daga aiki na zauna na hura su duka da bakina, ban yi tari ko sau ɗaya ba.