Wayar da Ta Goge Tsagar Inna

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ranar Talata, mu uku ne a ɗakin Inna: ita, da ni, da matata. Na shigo gaisuwa kamar kullum, na durƙusa a bakin ƙofa, idona a ƙasa. Inna tana kan tabarma tana shan koko. Ba ta dube ni ba. Ta dubi matata ta ce, "Ki gaya wa mijinki na yarda. Amma sau ɗaya."

Maganar hoto ce. Ƙanwata, autar Inna, tana aure a Fatakwal. Shekararta shida ba ta zo gida ba, ta kuma haifi yara biyu da ba su taɓa ganin kakarsu ba. Duk ranar da ta kira waya sai ta yi kuka a tura mata hoto. Inna kuwa ta ƙi hoto tun tana da ƙarfinta. Takan ce ba za a sa ta a aljihu a riƙa shiga banɗaki da ita ba. Sau ɗaya ta taɓa tsayawa, na katin zaɓe, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, kuma ya dushe kamar an shafa masa toka.

Ina da nawa dalilin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye idan akwai wanda za ta aika, ko da ina zaune a gabanta. Ni ma ban taɓa ɗaga kai na ƙare mata kallo ba. Haka muka taso, kuma ban ga laifin hakan ba. Amma na haura shekara hamsin, na san ƙafafunta da hannayenta sarai, fuskarta kuwa sai abin da ido ya sata a wucewa. Na ce a raina, idan aka yi hoton nan, zan zauna ni kaɗai in kalli mahaifiyata son raina.

Ni tela ne a Tudun Wada, kuma ba na yin abu da ka. Wayata a lokacin ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar komai. Ƙanena ya ce in ari tasa. Na ƙi, don gilashin kyamararta a tsage yake, kuma aikin da za a yi sau ɗaya ba a yin sa da kayan aro. Na buɗe bayan littafin awo na rubuta sharuɗɗa uku. Na farko, kada ta wuce abin da na ware daga ɗinkin ƙaramar sallah. Na biyu, batirinta ya kwana biyu, don wutarmu sai ta ga dama. Na uku, wanda na ja wa layi biyu, ta nuna abu yadda Allah ya yi shi.

Ranar Alhamis na hau mota. Muka bi ta Kwanar Dangora, muka wuce Bebeji, na isa kasuwar waya a Kano kafin azahar. Na shiga shago biyar na fita, a na shida na zauna. Mai shagon magidanci ne mai ƙiba, bakinsa ba ya hutawa.

"Alhaji, bismillah, wacce za a ba ka?"

"Ban je Makka ba tukuna."

"Za ka je, in sha Allahu, kuma da wayata za ka ɗauko mana Ka'aba."

Na karanta masa sharuɗɗana. Ya zaro waya uku ya jera a kan gilashi. Ya ɗaga ta ukun ya ce, "Wannan ido uku ne da ita a baya. Ko kwarkwata ce a kan mutum sai ta fito da ƙafafunta. Gyara hularka in ɗauke ka ka gani."

Na ce, "Ban zo kallon kaina ba. Ina da madubi a gida."

A nan na yi kuskuren da har yau yake hana ni sukuni, kuma na yi shi ina ganin na fi kowa wayo. Na zo da ƙyallen shadda makuba a aljihu, mai ɗinkin hannu a gefe. Duk tela ya san ba a sayen yadi a ƙarƙashin ƙwan shago, sai an fita da shi rana. Na ɗebi wayoyin na fita bakin ƙofa, na shimfiɗa ƙyallen a kan benci, na ɗauke shi da kowace. Ta farko ta mai da makuba ja. Ta biyu ta cakuɗe ɗinkin, ba a gane inda allura ta shiga. Ta uku ta fito da launin daidai, ana iya ƙirga zaren ɗaya bayan ɗaya. Na ce wayar da ba ta yi wa zare ƙarya ba, ba za ta yi wa mutum ba. Na biya na taho.

Kashegari Juma'a, bayan la'asar, Inna ta fito da atamfarta ta zuwa biki da farin mayafi. Matata ta ajiye mata kujera a gindin darbejiyar tsakar gida, inda haske yake da kyau. Na tsaya nesa kaɗan na ɗaga wayar. Ko ta cikin gilashi na kasa tsayar da ido a kanta. Na ga dai ta shiga tsakiya, na danna.

"Ya gama?" ta tambayi matata.

"Inna, ki ɗan ƙara zama ya sake, ko an samu kuskure."

"Shi da ba ya kuskure? Na ce sau ɗaya." Ta miƙe ta shige ɗaki.

Ban duba a gida ba. Na tafi shago, na tura ƙofa, na sa tabarau, na zauna a kan kujerar keken ɗinki. Na buɗe hoton na ja shi da yatsu biyu yadda aka koya mini.

Atamfar ta fito. Mayafin ya fito, har da inda aka yi masa ƙari a gefe. Ganyen darbejiya ya fito. Amma matar da ke cikin mayafin ban san ta ba. Inna baƙa ce, wannan wankan tarwaɗa ce kamar mai shafa man bilicin. Goshinta sumul, babu tamoji ko ɗaya. Kumatun sun cika, idanun sun ƙara girma. Tsagar da ke kumatun Inna, wadda ko a wucewa nakan hango, babu ita. An share ta kamar yadda ake share alli a jikin yadi.

Na kai wa matata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ai ƙanwar Inna ce da aka haifa a birni." Ban yi dariya ba. Na ce ta kai wa Inna ta roƙe ta. Na tsaya a bayan labule ina ji.

"Wace amarya ce wannan?" in ji Inna. "Allah ya ba ta miji nagari."

"Ke ce, Inna. Wayar ce ta ɓata. Yana roƙon ki sake zama."

"Ta ɓata ko ta gyara? Ki ce masa akwatinsa ya fi ni sanin yadda ya kamata in zama. Ya riƙe wannan ɗin. Ni na cika alkawarina."

Ranar Litinin na rufe shago na koma Kano. Na ajiye wayar a kan gilashin mutumin nan na ce, "Dubi abin da ka sayar mini."

Ya duba ya yi murmushi. "Masha Allah! Hajiya ce? Ai ta koma budurwa."

"Mahaifiyata ce. Shekarunta sun kusa tamanin. Ina tsagarta?"

"Haba Alhaji, ai daɗin wayar ke nan. Don wannan ake rububinta. Mata har faɗa suke yi a kanta a shagon nan."

"Na karanta maka sharaɗi na uku ko ban karanta ba?"

"Ka karanta."

"Me na ce?"

"To ai abu ne mai sauƙi." Ya taɓa wani ɗan tauraro a gefen gilashin wayar, ya ja wani layi zuwa ƙarshe. "Shi ke nan, na kashe. Da shi take zuwa a kunne."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ba ka tambaya ba. Na ce in ɗauke ka, ka ƙi. Ka je ka ɗauki tsumma. Ita kuwa ba ruwanta da tsumma, fuskar mutum take nema."

Na ce ya dawo mini da hoton yadda yake kafin ta taɓa shi. Ya girgiza kai. Ya ce ba ta ajiye na asali, abin da ta goge ya tafi. Sai ya ƙara da cewa, "Ka sake ɗaukarta mana, ai ba kuɗi ake biya ba." Na ɗauki wayata na fita, don idan na ƙara minti ɗaya a wurin zan faɗi abin da ba a faɗa wa Musulmi.

A mota na rarraba fushina, kowa na ba shi rabonsa. Kaso na farko na mai shago ne, wanda ya ji abin da nake nema da kunnensa, ya san abin da ke cikin kayansa, ya yi shiru. Kaso na biyu, mafi girma, na waɗanda suka ƙera ta ne, ko su wane ne, ko a ina suke. Sun zauna sun yanke hukunci cewa baƙar fata aibi ce, tsufa aibi ne, tsaga datti ce, kuma suka gyara ba tare da sun tambayi kowa ba. Idan mutum ya kawo mini riga in sa masa maɓalli, na farke masa aikin wuya na yi wanda nake so, ai kotu za mu je. Tsagar nan wanzami ne ya yi ta ranar sunanta, ta gidan ubanta ce, da ita ake sanin daga inda ta fito. Ta ɗauke ta kusan shekara tamanin ba ta ji kunyarta ba. Wani wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba ya ji mata kunyar. Kaso na uku nawa ne, kuma ban rage wa kaina komai ba.

Na yi niyyar in bar maganar ta huce, in sake aika matata da babbar sallah. Ba mu kai ba. Damina na tsakiya zazzaɓi ya kama Inna, kwana huɗu ta yi a kwance. Wayar tana aljihuna, tauraron a kashe, amma ba ɗan halak da zai ɗaga waya a kan uwarsa tana jinya. Ranar da ta rasu mata suka yi mata wanka, aka kira ni in yi mata addu'a. Na tarar an rufe fuskar. Da na ce a buɗe, da an buɗe. Bakina ya ƙi.

Bayan addu'ar arba'in wani mai ɗaukar hoto a garinmu ya ce in kawo, zai mayar da tsagar da kwamfuta. Na je da ƙanena. Mutumin ya buɗe hoton ya ce, "Guda nawa a kowane kunci?"

Na ce uku. Ƙanena ya ce huɗu. Muka kira matata, ta ce uku ne dogaye, amma ba ta tuna ko sun kai haɓa ba. Muka kira auta a Fatakwal, ta ce akwai wata gajera a ƙarƙashin idon hagu, sai ta fashe da kuka ta kashe wayar. Babu wanda za mu je mu duba a fuskarsa. Tsagarmu ta gidan ubanmu ce, ba irin tata ba. Danginta na wajen Falgore tsofaffin sun ƙare, yaran kuma an daina yi musu.

Mai hoton ya ce, "To in sa uku da rabi, kowa ya samu?"

Na karɓi wayata. Na ce ba za a ɗora ƙarya a kan ƙarya ba. Hoton nan na tura Fatakwal, tunda babu wani. Yanzu haka yaran auta suna nuna wa maƙwabta wata farar mata suna cewa kakarsu ce, kuma ba ni da abin da zan nuna musu in ce ga ta gaskiya.

Saura hanya ɗaya, ita ce ta sa na rubuta wannan. Inna ta yi shekaru tana sayar da daddawa a kasuwar Tudun Wada, sai dab da ƙarshe ta daina fita. Mai hoton ya gaya mini cewa wayoyin nan fuskar da ke gaba suke gyarawa, wanda ya faɗo a baya daga nesa ba su cika kula shi ba. Mutane kuwa suna ɗaukar hoto a kasuwa kullum: wani buhun masararsa, wani sabon babur, wani abokinsa.

Don haka ina roƙonka, kai mai karatu, idan ka taɓa ɗaga waya a kasuwar nan, ka zauna ka bi hotunanka ɗaya bayan ɗaya. Kada ka dubi wanda ka ɗauka, ka dubi bayansa. Tsohuwa ce baƙa, siririya, tana zaune a ƙasa da faifan daddawa a gabanta, mai yiwuwa ta kawar da kai. Idan ka gan ta, kada ka haska hoton, kada ka gyara komai. Ka kawo shi layin teloli yadda yake, ka ce a nuna maka telan da ke neman fuskar mahaifiyarsa.