Baballe, Mai Koya wa Manomi Sakin Kuloci

Duk mai bin hanyar Kura zuwa Bunkure da sassafe ya san rumfar kwanon nan da ke gab da gadar kanal. Ana idar da sallar asuba Baballe bakanike yake zuwa ya buɗe ta. Ba ya fara taɓa sifana. Tsintsiya yake ɗauka ya share filin da ke bayan rumfar, ya tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe, ya ja dogon layi a ƙasa da diddigen takalminsa. Sannan ya zauna kan benci da kofin shayi yana jiran wanda Allah zai kawo: mai faci, mai juyen baƙin mai, ko wanda ya sayi babur jiya ya turo shi da hannu don bai iya hawa ba. Wannan na ƙarshen shi Baballe ya fi so. Shekara talatin da ɗoriya ke nan a haka.

Ni dillalin tumatir ne. Bokona bai yi nisa ba, amma ƙafata ta yi, na ga makanikai daga Ikko har Fatakwal. Mai gyaran babur ba ya wuyar samu. Mai gyaran hannun mahayi ne ban ga na biyunsa ba. Yanzu ya ce bayan Babbar Sallah zai ajiye sifana, ido ya gaji, ƙaramin noti yana ɓace masa a tafin hannu. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun kunnensa yana ji.

Ranar farko a wurin Baballe ba a tayar da babur. Za ka hau, ya tura ka da hannunsa, sai ka tsaya cak a kan layin nan sau goma kafin ya yarda ka buga kik. Yana cewa tafiya ko jaki ya iya, tsayawa ita ce ilimi. Kuma shi ya fara gano ciwon mutanenmu, har ya sa masa suna, wai hannun inji. Mu nan da injin ban ruwa muka saba: ka ja igiya, ka ƙure masa wuta, ka tafi ka yi alwala ka bar shi yana ta ihu. To, da wannan hannun manomi yake kama babur. Ya murɗe totur har ƙarshe, ya saki kuloci gaba ɗaya, sai ka ga mutum a gabas hularsa a yamma.

Maganin da yake bayarwa ba iri ɗaya ba ne. Ibrahimu tela, da ƙafar keken ɗinki ya koya masa taka birki. Malam Habibullahi na Islamiyya kuwa cewa ya yi da shi: “Allah gafarta Malam, ja shi kamar madda, kada ka yanke.” Malam ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, amma daga ranar babur bai sake mace masa ba.

Wanda ya ba shi wuya shi ne taubashinsa, Badamasi. Shekararsa sittin da shida, gonarsa tana can ƙarshen kanal ta wajen Bunkure, kuma shekara arba'in da keke yake zuwa. Bara gwiwa ta ƙi. Ruwan kanal bi da bi ake sakinsa, ba ya jiran mai ɗingishi. Sau biyu yana isa ya tarar an wuce kansa. Ɗansa Jamaluddeen ya zo daga Kumbotso ya ce a ba da gonar haya, Baba ya zauna gida ya huta. Badamasi ya ce hutun manomi a kabari ne. Aka ja, aka ja, aka tsaya a kan cewa in lokacin dashe ya zo bai iya kai kansa gona ba, ya haƙura. Sati uku ya rage. Ya sayi babur na hannu, ya turo shi har rumfa.

Baballe ya dube shi sama da ƙasa ya ce: “Taubashi, wa ka sato wa wannan?”

“Rufe bakinka, bawana. Koya mini za ka yi, kuma kafin dashe.”

“Kai da ko jakin gidanku sai da ya kayar da kai?”

“Jakin ai ɗan'uwanka ne, shi ya sa.”

Rana ta uku aka tayar da babur. Ina wurin, don ni nake ɗaukar tumatirinsa. Baballe ya ce a hankali, Badamasi ya ce ya ji. Sai ji muka yi babur ya yi kururuwa, ya ɗaga ƙafar gaba, ya tsallake layi, ya bi ta cikin kajin mai shayi, ya zarce cikin ƙaramin kanal. Allah Ya sa ruwan iya cinya ne. Badamasi ya miƙe yana tsiyaya, gansakuka a gemu. Baballe ya fara laluba shi, ya tabbatar ba karaya, sannan ya ce: “Taubashi, ashe babur ɗin ka kawo a yi wa ban ruwa?”

Mun yi dariya ranar. Amma da aka kwana bakwai abin bai canza ba, dariya ta ƙare. In ya saki kuloci, ko babur ya zabura ko ya mutu. Rana ta takwas bai zo ba, ta tara ma haka. Matarsa Zuliha ta aiko cewa maigidan ya jingine babur a zaure ya rufe shi da tabarma, abinci ma sai an yi da gaske.

Nan ne ka nuna ko kai wane ne, Baballe. Kai ne ka rufe rumfa da hantsi, ga babura huɗu suna jiran gyara, ka tafi gidan mutumin da ya riga ya sallama. Ba ka yi masa wa'azi ba. Cewa ka yi yau ranar ruwansa ce, ya hau babur ɗin nasa ka kai shi, kada iri ya bushe.

Abin da ya faru a gonar su biyun suka ba ni labari, kuma wannan ne karon farko da na ji bakinsu ya zo ɗaya. Badamasi ya durƙusa a kan fangalin da ya yafa irin tumatir, ya sa bakin fartanya ya ɗan karce kunyar da ta tare ruwa. Ruwa ya fara silalowa kamar zare. Ya jira. Ya ƙara karcewa kaɗan. Baballe yana tsaye a kansa ya ce: “Wannan wane irin ɓata lokaci ne? Fasa shi gaba ɗaya mana mu tafi.”

“Ka ji bakanike! Kai ban da noti me ka sani? In na fasa gaba ɗaya ai ruwa zai kwashe irin ya kai Hadeja. Kaɗan ake saki, sai ƙasa ta karɓa, sannan a ƙara.”

“Sake faɗa in ji.”

“Kurma ne kai? Na ce sai ta karɓa sannan a ƙara!”

“To tashi. Ga kulocinka nan, shekara arba'in kana sakinsa ba ka sani ba.”

A nan kan hanyar gona ya ɗora shi. Ya ce hannun hagu shi ne fartanya, babur shi ne iri, in ya kwashe shi ya kwashe gonarsa. Badamasi ya yi bismillah, ya sassauta yatsu kaɗan, ya ji babur ya karɓa, ya ƙara. Sai ga shi yana tafiya sumul a gefen kanal, Baballe yana binsa da gudu da tsufansa yana kiran: “Birki, taubashi! Kada daɗi ya kai ka Tiga!”

Ranar dashe Jamaluddeen ya zo da mutumin da zai karɓi hayar. Bai sami uban a gida ba. Suka kama hanyar gona a ƙafa, don mota ba ta shiga. Suna cikin tafiya sai ga babur ya taho daga gaba, ya rage gudu, ya tsaya daidai ƙafarsu ko ƙura bai tayar ba. Badamasi ya ce: “Jamalu, na manto igiya ne a gida. Baƙon naka ya hau in rage masa hanya zuwa titi?” Yaron ya durƙusa ya gaida mahaifinsa yana dariya.

Baballe na Sauda, sifana maganin noti mai gardama. Ba ka da allo, ba ka da takardar shaida, amma ɗalibanka ne suke kai mara lafiya asibiti, suke kai yara makaranta, suke riskar ruwa kafin ya wuce. Mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa hutun nan ya karɓe ka.

Ku kuma masu sana'a, kowa da abin da ya iya. In wanda kake koya wa ya kasa, kada ka ce kansa ne ya toshe. Bi shi inda shi ne gwani, ka tsaya ka kalli hannunsa. Har yau in ka tambayi Badamasi zai rantse shi ya koya wa kansa, taubashinsa kallo kawai ya yi. Baballe bai taɓa musa masa ba. Gonar dai tana hannun mai ita, kuma bana ni na loda kwandunansa.