Garejin da aka hana cewa lafiya lau

Edita, a shekarun da nake ba da labari ni ne sarkin barkwancin Hausawan birnin Greensboro na Amurka. Ko gidan makoki na shiga sai an roƙe ni in fita, don kada masu kuka su shaƙe da dariya. Abin da ba a sani ba, sai na kurɓi giya bakin ke buɗewa. Da kwalba guda na fara bayan tashi daga aiki, har ta kai sauron da ya cije ni sai ya tashi yana tangaɗi. Ranar da na je ɗauko 'yata a makaranta malamar ta ji warin ta hana ni ita, uwargida ta ce ko in daina, ko ta kwashe yara ta koma gidan yayanta.

Wani dattijo mutumin Nijar da muke kira Baba ne ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a. Ashe shi ma ya sha, wai abin da ya zuba wa cikinsa ya isa noman rani. A taron masu barin giya na Turawa ya daina, a wani ɗaki ƙarƙashin coci. Can ya ji cewa asalin abin wasu mashaya biyu ne suka gano in sun zauna suna gaya wa juna gaskiya, ƙishirwar takan lafa. Ya san mutanenmu ba za su taka coci ba, sai ya buɗe mana namu a garejinsa na McLeansville, kusa da Greensboro. Lokacin ba mu cika mota guda ba, daga kujerun roba sai butar shayi.

Dokarsa ɗaya ce, ba a cewa lafiya lau. Ya ce Bahaushe ko ƙafarsa na hannunsa haka zai amsa maka, kuma da kalmar nan muke binne juna. Da ya tambaye ni yaya nake, baki ya riga ni, na faɗe ta. Ya kira ni Alhaji mai lafiya, ya ce nan wurin majinyata ne, ga ƙofa. Na jefa barkwanci, babu wanda ya ko murmusa. Can sai na ji kaina ina cewa 'yata ta fara ɓuya in ta ji ƙarar motata. Na yi kukan da ya kusa jiƙa tabarma. Baba bai yi mini wa'azi ba, shayi ya miƙo, ya ce yanzu na iso.

Na sake zamewa, uwargida kuwa ta cika alkawarinta. Bawan Allahn nan bai gaji ba, kullum da safe yana ƙofata kamar mai kawo madara. Da ta tashi dawowa ma ba ni ta tambaya ko na daina ba, shi ta tambaya.

Na gane kunya ta fi kwalbar cutar da mu, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Mai sha a ɓoye ya nemi irin wannan zama tun iyalinsa na gida. Ni an dawo mini, amma a cikinmu akwai wanda ya daina tuntuni, har yau shi kaɗai yake buɗa baki da azumi.