Ɗorawa Uku a Filin Mabai

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, ina aikin zanen gine-gine a Ƙanƙara, sai aka ba ni aikin da ya fi kowanne faranta mini rai: zauren baje kolin amfanin gona da abincin gargajiya, a wani fili bakin hanyar Mabai. Mabai garinmu ne. Na san filin, gonakin dawa sun kewaye shi, a tsakiyarsa kuma ga itatuwan ɗorawa guda uku. Kalwarsu gwaggona ke yin daddawa da ita, gwaggon da ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata.

A ofis na yi zanen. Na sa zauren a tsakiyar filin, fuskarsa na kallon hanya, don manyan baƙi su hango shi tun daga mota. Na ba shi rufin kwano da madafa ta siminti a ciki.

Ranar da muka je awo, wani dattijo Bamaguje mai gona a gefen filin ya tsaya yana kallon turakun da muke kafawa.

"Yaro, ja ginin gabas taku ashirin mana, itatuwan su tsira. Mata ma a inuwa suke girki."

"Baba, an riga an sa hannu a takarda," na ce.

Ba a sa ba. Takardar tana cikin jakata, gogewa ɗaya da fensir ta isa. Kunya nake ji a ce manomi ya gyara mini aiki a gaban leburori.

Cikin kwana biyu aka sare itatuwan.

Ranar buɗe zauren hayaƙi ya cika madafar, mata masu girki suka kwaso tukwanensu suka kafa murhu a waje, cikin rana tsaka. Gwaggo na cikinsu, tana kaɗa miyar kuka, zufa na bin wuyanta. Ta zuba mini tuwo da hannunta.

"Ginin naka ya yi kyau, ɗana. An ce daga sama aka ce a sare, ko?"

"Haka ne, Gwaggo."

Daga wannan shekarar, da ita da sauran matan sai sun yi tafiyar rabin yini cikin daji kafin su samo ɗorawa. Ƙafarta ta fara ciwo, ta bar sana'ar. Shekara tara ta ƙara a duniya, ina zuwa gaishe ta duk Juma'a, ban taɓa faɗa mata ba.