Zailani Mato da Garkar Inna Asta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Maris 2017, Allah Ya karɓi ran Injiniya Zailani Mato Getso, mai zanen gine-gine, bayan jinyar kwana tara a Gwarzo. Shekarunsa arba'in da ɗaya.

Zailani, na yi shekara ashirin ina gyaran labarai a jarida, aikin da ya koya mini tsoron yabon da ya wuce kima. Don haka abin da na gani da idona kawai zan rubuta.

Bara, ƙauyenmu da ke yankin Gammo a ƙaramar hukumar Kabo ya tashi sake gina masallacin Juma'a, ni ne sakataren kwamiti. Muna son wanda zai ɗauki mutum ɗari shida. Muka auna filin da taki yadda muka saba, muka ce ya isa. Sai da aka ja igiya muka ga kuskurenmu: mun auna ne daidai da hanya, alhali gini sai ya karkata ya fuskanci alƙibla. Da aka karkata shi, kusurwa guda ta faɗa tsakiyar garkar Inna Asta, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata rijiya da 'yan kunyoyin kuɓewa da tumatir. Da su take ci.

Muka yi ta tura mata manya. Ba ta taɓa cewa a'a ba, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗakin Allah ne, me zan ce?" Liman kuwa ya ƙi karɓar wannan a matsayin yarda, ya ce shari'a ba ta san kyautar da kunya ta tilasta ba. Ina cikin waɗanda suka ga kamar Liman ya tsananta. Yau na rubuta shi don a sani.

Ana haka muka nemo ka, ka zo a kan babur, kwamfuta a jaka. Ba ka fara da zane ba. Cewa ka yi a kira maka wanda ya fi kowa tsawo a garin. Aka kira Malam Sajo mahauci, ka roƙe shi ya yi sujada a kan rairayi.

"Injiniya, ba alwala fa," in ji shi.

"Ba lada muke nema ba, Malam, awo muke nema."

Wurin ya kece da dariya. Ka auna wurin da sujadarsa ta ci: tsawo mita ɗaya da santimita ashirin, faɗi santimita sittin. Ka ce inda ya ishi Malam Sajo ya ishi kowa.

Sannan ka buɗe kwamfutar a gindin dalbejiya. Ka tayar da ginin dunƙule guda, ba ƙofa ba taga, kamar sandar sabulu. Ka juya shi ya kalli alƙibla, ka ja gefensa har ya fita daga garkar tsaf. Ka yanka shi a kwance, nan take faɗin daɓen ya fito a gefe. Ka cire kaurin bango, saura murabba'in mita 288, wato sahu goma na mutum arba'in-arba'in. Ɗari huɗu ke nan. Mutum ɗari biyu ba su da wuri.

Kai kuwa sai murmushi kake. Ka kama saman dunƙulen ka ja shi sama, ka sake yankawa. Ga hawa na biyu! Wani ya ce da tsadar simintin nan wa zai iya bene? Ka ce ai ba duka ba, ka rage shi ya rufe rabin baya kawai. Lambar ta sauya a gabanmu: 144. Sahu biyar, mutum ɗari biyu, da matakalarsa ta waje, mata su hau ba tare da sun ratsa maza ba.

"Ku haɗa da kanku," ka ce. "Kada ku yarda da ni, ku yarda da lissafi."

Dagaci ya haɗa da yatsu, ya ɗago ya yi kabbara. Ban taɓa ganin dattawa sun yi wa allon kwamfuta irin wannan rububin ba. Har rawanin wani ya warware. Ka ɗauki kwamfutar da kanka ka je bakin shingen garkar, ka durƙusa, ka nuna wa Inna Asta.

Ta daɗe tana kallo. "Ɗan nan, ina rijiyata a ciki?"

"Ba ta ciki, Inna. Abin da na zo nuna miki ke nan."

Bayan haka ka yi ta zirga-zirga tsakanin Gwarzo da ƙauyenmu kusan shekara, ka hana birkiloli ƙara ko taki ɗaya wajen garkar. An zuba kankaren daɓen bene kana tsaye. Sallar farko a ciki ce ba ka gani ba.

Juma'ar da ta wuce aka buɗe shi. Na tsaya a ƙofa na ƙirga, don na san da kana nan sai ka tambaye ni. Sahu goma cif. Na bakwai ne ya ɗauki arba'in da biyu, saboda yara. A sama kuwa matata ta ce sahu biyar ɗin sun cika, Inna Asta a na farko, wadda sai da aka riƙe ta ta hau. Da aka idar, ta aiko mini da ƙwaryar kuɓewa ɗanya, ta ce in kai Getso gidan makoki, ta cikin garkar ce. Na kai.

Ina miƙa ta'aziyyar kwamiti da jama'ar ƙauyenmu ga mahaifinka Alhaji Mato, da matarka Halima Sa'adiya, da 'ya'yanka Jibirin da Ikilima. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Kai kuma, Zailani, Allah Ya gafarta maka, Ya sa kowace sujada a sahu goma sha biyar ɗin nan ta iske ka, Ya yalwata maka kabarinka yalwar da ba a iya aunawa. Amin.